Hassanar Itace

Tun da bidiyon nan ya fita, ƙosan Iya bai sake ƙarewa ba.

A da, kafin rana ta yi zafi an kife kasko. Leburorin kasuwar hatsi su tsaya, masu Keke su tsaya, matan Layin Nufawa su aiko da kwanuka. Yanzu Amatullah ce ke zaune a ƙofar gida tana kallon ƙosai yana sandarewa a kwando, mutane suna bi ta ɗaya gefen kwata. Masu kunyar cikinsu su yi sallama daga nesa. Sauran su zaro waya su kara a kunne, alhali ba wanda ya kira su.

Iya ba ta zage ta ba. Ko tambayarta ba ta yi ba. Kullum da asuba ta surfa wakenta yadda ta saba, a kai markaɗe, ta soya, da yamma ta marmasa wa kaji. Da ta yi faɗa, da Amatullah ta samu abin kamawa. Shirun nan ne ya fi damunta.

Iya Usaina kakarta ce ta wajen uba. Tana amarya jirgin ƙasa ya kawo ta daga Offa ta ƙasar Yarbawa, mijinta yana aikin layin dogo. Suka zauna a Bayan Tasha, unguwar da jirgi ya yi ta sauke mutane kamar kayan da ba a zo ɗauka ba: Yarbawa, Nufawa, Ibo, Barebari, kowa da tukunyarsa. Ta binne miji a Funtua, ta binne ɗanta, uban Amatullah, a Funtua. Da kaskon ƙosai ta je Makka. Amma a ƙarƙashin gadonta akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa kuma akwai wata 'yar sassaƙa ta itace wadda ba ta kai kamu ba, fuskarta ta shafe don yawan wanka da shafar mai.

'Yar tagwayen Iya ce, Hassanarta, wadda ƙyanda ta ɗauke tun suna ƙanana. A garinsu in ɗayan tagwaye ya mutu akan sassaƙa madadinsa, uwa ta riƙe, in ƙarfinta ya ƙare ta miƙa wa wanda ya rage. Iya tana yi mata wanka ranar Juma'a kafin ta yi nata. Duk atamfar da ta ɗinka sai ta yanki ƙyalle ta yi mata riga. Mutane suna ajiye tsohuwar hular mamaci ko tsinken tsifar matar da ta rasu, ba wanda ke kai su gaban malam. Na Iya dai an yi masa hanci da idanu, shi ne bambancin.

Wanda ya jawo abin shi ne Awaisu, ɗan Alhaji Maitama mai sitocin masara, saurayin da Amatullah ta kori kowa saboda shi. Ya karanta tarihi a Zariya, ya dawo ya tarar ba ofishin da ke neman tarihi, sai ya ƙirƙiro wa kansa sana'a. Ranar Asabar yakan zagaya da baƙi cikin Bayan Tasha: ɗalibai, ma'aikata daga Abuja, jikokin ma'aikatan jirgi masu neman gidan da aka haifi iyayensu. Ya nuna musu tsohuwar tasha da injin gurzar auduga, da masallacin Yarbawa wanda ke jingine da shagon wani Ibo mai kwanon rufi. Ya zaunar da su su sha shayin Buzaye, su ci ƙosan Iya. Yana da doka, yana kuma taƙama da ita: ba a shiga gidan kowa sai da izini, ba a ɗaukar hoton kowa sai ya yarda. Dokar ta yi ta aiki lafiya har ranar da mai ita ya so ya burge.

Wata baƙuwa ce daga Legas ta ce kakarta ma 'yar tagwaye ce, tana da irin sassaƙar nan amma ta ɓace, ko akwai sauran masu ita a Arewa? Awaisu ya sani, don Amatullah ta taɓa faɗa masa, irin sirrin da yarinya kan ba saurayi don ya san an ba shi wani abu. Ranar Iya ta tafi gidan suna. Ya leƙo soro ya marairaice.

"Gani kawai za su yi. Ba waya."

Da ƙafarta Amatullah ta shiga ɗakin, da hannunta ta jawo akwatin.

Baƙuwar tana gani ta fashe da kuka. Wani da ke bayanta bai yi kuka ba, waya ya ɗaga. Ya saka bidiyon da Turanci mai daɗi, yana yabon Funtua, garin da kowa ke zaune lafiya da al'adarsa. Ba a kwana biyu ba wani ɗan gari ya sauke shi, ya goge yabon, ya rubuta nasa da Hausa: gunki a gidan Hajiya.

*

Bayan la'asar Awaisu ya zo. Ya tsaya a soro kusa da tabarmar da ya saba zama, bai zauna ba.

"Na sa an goge," ya ce. "Mutumin ya goge, har ya ba da haƙuri. Matar ma ta bugo tana ta kuka."

"Ai ta iya kuka," Amatullah ta ce. "Wanda ke cikin wayoyin matan Islamiyya fa? Shi ma ka sa an goge?"

Ya dubi takalminsa.

"Na dakatar da zagayen. Ba zan ƙara kai kowa ko'ina ba."

"Sai ka je ka gaya wa mai shayi, shi ma ya kife butarsa kamar yadda muka kusa kife kasko. Yaya Awaisu, faɗi abin da ya kawo ka. Tun da ka shigo takalminka kake kallo."

Ya jingina da bango. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da ta matso.

"Alhaji ya ce bai fasa ba. Amma akwai sharaɗi."

"Ina ji."

"A ƙona ta. A gaban shaida. Gobe da hantsi zai aiko Malam Buba, limamin ƙofar gidanmu. In Malam ya gani da idonsa, ranar Juma'a za a kawo kayan sa rana. In ba haka ba, ya ce in zaɓa tsakanin gidan nan da albarkarsa."

Amatullah ta dafa ƙyauren soro.

"Ka gaya masa Iya ba ta taɓa yi mata sujada ba? Ka gaya masa ko ƙwayar gero ba ta taɓa roƙonta ba?"

"Na gaya masa."

"Ya ce me?"

"Ya ce duk gunkin duniya haka ya fara, da kewar wanda ya mutu. Ya ce jikokinsa ba za su yi rarrafe a ɗakin da abin nan yake ba. A kasuwa har tsokanarsa ake yi, wai in ya mutu surukansa za su sassaƙa shi." Ya kau da kai. "Ya ce daman mutanen nan ba a gama sanin cikinsu."

"Mutanen nan."

"Amatullah..."

"Babana a layin nan aka yanka masa ragon suna, a maƙabartar da za a kai Alhaji aka kai shi. Ni ban san hanyar Offa ba. Yarbancin ma daga gaisuwa ban wuce ba. A makaranta Yarbawa 'yan'uwan Iya ce min suke Bahaushiya, yau a gidanku na koma mutanen nan. To ni ta ina ce? Kai da ka karanta tarihi, faɗa min."

Hawaye suka ɓalle mata. Shi ma ya durƙushe a gabanta, babbar rigarsa cikin ƙasa.

"Laifina ne. Wallahi ni kaɗai ne mai laifi. Ni da nake tsayawa a gaban baƙi ina koya musu kunya, ni na sayar da tsohuwar da ke kirana angonta, don wata ta ce na san gari. Ban ƙara barcin kirki ba. In na rufe ido akwatin nan nake gani a buɗe."

"Kai roƙo ka yi, ni na ɗauko. Kada ka ƙwace min rabona."

"To ki faɗa min. In kin ce in je in ce masa a'a, wallahi yanzu zan je."

Ya faɗi haka yana kallonta da idon mai fatan kada a karɓi tayinsa. Ta gani sarai. Ta kuma san cewa in ta ce ya je, zai je, ya tsaya a gaban ubansa ya yi in'ina, ya dawo da jajayen idanu, daga nan sai ta ji an kai kuɗin wata a Malumfashi. Ba ta ce ya je ba. Ba ta ce kada ya je ba. Ta ja mayafinta ta shige gida.

*

Uwarta Rabi tana bayan labule, ba ta ma yi ƙoƙarin nuna wucewa take yi ba. 'Yar Maska ce, manoman dawa, ta shigo gidan nan tana yarinya ta zauna da surukarta ba a taɓa jin kansu ba.

"Na ji komai," ta ce. "Share fuskarki."

"Umma, ƙonawa fa suka ce."

"Na ce na ji. Tun da aka kawo ni gidan nan nake kawar da kai daga akwatin nan, saboda ubanki. Ranar Juma'a in na ji ƙarar ruwa a ɗakinta sai in kunna rediyo. Ban taɓa gaya wa ko uwata ba. Ke kuwa rana ɗaya kin gaya wa duniya."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Jiya a wurin karatu na shimfiɗa darduma, matar da ke kusa da ni ta janye tata. Ƙannenki mata suna tasowa, wa zai zo ƙofar nan? Itace ne, Amatullah. Itace! Za ki zauna ki tsufa a gida saboda itace?"

"To ke ki gaya mata."

"Ni suruka ce, bakina bai kai can ba. Ke ce 'yar lelenta. Ke kika fara, ke za ki ƙarasa."

Suna cikin haka aka ji babur ya tsaya, aka yi sallama da Amatullah. Kamalu ne, wanda a gidansu ake ce wa Kamoru, jikan aminiyar Iya, mai shagon kayan gyaran babur a bakin titi. Ya daɗe yana nemanta, ta daɗe tana aika masa cewa ba ta nan. Ta fita ta same shi ya ɗauki kwandon ƙosan nan mai sanyi yana juyewa a leda, duka.

"Ba na sayarwa ba ne yanzu," ta ce. "Na kaji ne."

"To yau kaji su yi haƙuri." Ya ɗaure bakin ledar. "Na ji an ba ku wa'adi."

"Har ya kai bakin titi?"

"Har ya wuce. Amatu, ni ba ni da digiri. Abin da na sani sarƙa da taya. Amma ban taɓa tara mutane su zo kallon kakarki kamar kura a hannun gardi ba."

"In abin da ya kawo ka ke nan, sai anjima."

"Tsaya. A gidanmu ba wanda zai tambayi abin da ke ƙarƙashin gadon Iya. Sallah muke yi, azumi muke yi, mun kuma san abin da tsofaffinmu suka taho da shi. Ki ce kin yarda kawai. Gobe Malam Buba ya zo ya same ni a ƙofar nan, in ba shi hannu, in ce a gaida Alhaji, yarinya ta samu miji, tsohuwa kuma a bar ta da kayanta."

"Ba na sonka, Kamalu."

"Na sani. Ba yau kika fara faɗa ba." Ya rataya ledar a hannun babur. "Su fa suna son ƙosanmu, suna son masallacinmu a hoto. Ranar da aka yi saɓani kuwa, ko kakan kakanki aka haifa a nan, Bayarabiya ce ke. Ban ce ki so ni yau ba. Cewa na yi ki duba wa za a ƙona saboda wanda kike so."

Ya buga babur ya tafi. Abin haushin, babu ƙarya ko ɗaya a maganarsa, kuma muryarsa tana nan tana ba ta haushi kamar kullum.

*

Bayan magariba ta tsaya a ƙofar ɗakin Iya, ta kasa ɗaga labule.

"Shigo, ƙawata," Iya ta ce daga ciki. "Tun ɗazu nake jin numfashinki."

Tana kan darduma, carbi a hannu. Amatullah ta zube a gabanta ta kifa kai a gwiwarta.

"Ba sai kin faɗa ba. Tasalla mai koko ta riga ku. Maitama ne ya ce a ƙona." Iya ta yi 'yar dariya. "Maitama da nake ba ƙosai kyauta yana ɗan dako a tasha, wandonsa a yage ta baya. Allah mai iko. Yanzu shi ke aiko min da liman."

"Iya, ki yafe min. Don Allah ki zage ni. Ki dake ni ma."

"In dake ki hannuna ya yi ciwo? Tambaya dai zan yi miki, tun ranar nake riƙe da ita. Me ya sa kika fito da ita?"

"Roƙona ya yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Iya ta gyaɗa kai.

"Ni ma kakanki roƙona ya yi, na bar uwata tana kuka a tasha, ban ƙara ganinta ba. Ashe jini ne."

Ta ajiye carbin, ta ɗago fuskar yarinyar da tafin hannunta mai kaushin murhu.

"Ki saurara. Na san itace ce. Ina tsaye aka sassaƙa ta. Ba ta ji, ba ta gani, ba ta taɓa warkar min da ko ciwon kai ba. Da zan tafi Makka a nan na bar ta. Amma ku kuna da ubanku a waya, ina ganinki kina shafa fuskarsa da yatsa. Mu lokacinmu ba hoto. Duk wanda ya san fuskar 'yar'uwata ya mutu. Duk wanda ya san sunan da uwata ke kirana da shi ya mutu. Yarbancin da nake yi a kasuwa na ciniki ne. Na yarinta, irin na bayan ɗaki, da ita kaɗai nake yi."

Amatullah ta ƙara rushewa da kuka.

"Kamoru ya zo, na ji baburinsa."

"Ya zo."

"Me kika ce masa?"

Amatullah ta kau da ido.

"To." Iya ta saki fuskarta. "Saura ɗaya. Yaron nan, Awaisu. In babu shi, za ki iya?"

Amsar tana nan a bakinta, gajeruwa, kuma ta san ita ce ta dace: zan iya. Mutane suna iyawa. Ana binne miji a dawo a dafa tuwo. Ta buɗe baki, kuka ne ya fito.

"Na ji," Iya ta ce. "Je ki jiƙa wake."

*

Da hantsi Malam Buba ya yi sallama, Awaisu na bayansa. Dattijo ne mai sanyin hali, ya shigo tsakar gida yana ta gyara rawani kamar wanda aka aika karɓo gawa. Maƙwabta sun riga sun hau katanga, wasu da wayoyi a ɗage. Awaisu ya yi kansu da tsawa, ya ce duk wanda ya ɗauki hoto sai ya fasa wayar. Suka sauka suna gunaguni. Dokarsa ta dawo masa daidai lokacin da ba ta da sauran amfani.

Wutar murhun ƙosai ba ta mutu ba. Rabi ta ƙara itace, ta koma bakin madafa ta tsaya.

Iya ta fito cikin atamfarta ta Sallah, ruwan ganye. A hannunta Hassana ce, an yi mata wanka ko da yake ba Juma'a ba ce, tana ƙyallin mai, rigarta ruwan ganye, da 'yan duwatsu a wuya.

"Hajiya, barka da hantsi," Malam Buba ya ce, idonsa a ƙasa. "Ni aiko ni aka yi. Na san ki a sahun mata tun ban fara limanci ba. Allah shi ya san zukata. Amma barin abin nan shi ya fi miki, duniya da lahira."

"Na gode, Malam. Ka yi aikinka."

Ya miƙa hannu. Ba ta ba shi ba.

"Idon baƙi ya gan ta, ya isa. Hannun baƙo ba zai taɓa ta ba." Ta juya. "Amatullah, zo."

Ƙafafunta suka kai ta ba da saninta ba. Iya ta ɗora mata sassaƙar a tafin hannu, ta naɗe yatsunta a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Ke kika fito da ita. Ga wuta, ga ƙofar ɗaki. Duk inda kika kai ta, ba zan tambaye ki ba."

Ta koma ta zauna a kan turmi.

Sassaƙar ba ta da nauyi ko kaɗan. Da ɗumi a jikinta, ɗumin hannun Iya, tana ƙanshin manja da sabulun salo. Inda idanu suke a da, yanzu 'yan lotsawa biyu ne, yatsa ya cinye su a hankali.

A waje aka ji babur ya tsaya, ba a kashe shi ba. Amatullah ta san ƙararsa. Taku kaɗan ne zuwa soro. Kalma ɗaya za ta faɗa, tsohuwa ta kwana da 'yar'uwarta.

"Amatullah," Rabi ta kira a hankali.

Ta ɗaga kai ta dubi Awaisu. Fuskarsa ta jiƙe sharkaf.

"Kada ki yi," ya ce. "Bari kawai. Zan je in same shi, zan..."

Bai ƙarasa ba. Maganar ba ta da ƙarshe, shi ma ya sani. Ta jira. Malam Buba ya jira. Har Iya ta juyo ta dube shi, ta ba shi lokaci. Ya sunkuyar da kai.

Daga baya, in ana labarin, Rabi takan ce suɓuce mata ta yi. Ba suɓucewa ta yi ba. Amatullah ta taka zuwa murhu, ta sunkuya, ta buɗe hannunta.

Itacen da ya yi rayuwar mutum guda yana shan mai ba ya jiran a hura shi. Rigar ce ta fara tafiya. Sai harshen wuta ya miƙe dogo, ja, duwatsun wuyan suna fashewa ɗaya-ɗaya. Ƙanshin ya cika gidan, ƙanshin ɗakin Iya ranar Juma'a.

Rabi ta ɗauko guɗa, ta haɗiye ta a rabi. Malam Buba ya yi hamdala can ƙasa-ƙasa, ya ce ya gani, zai shaida wa Alhaji. A waje babur ya ja ya tafi. Awaisu ya matso ya kira sunanta, ta kasa dubansa. Ta samu abin da take so, yana tsaye a gefenta, tana jin numfashinsa, kuma da za a ba ta zaɓi a lokacin da ƙasa ta tsage ta shige.

Iya ba ta yi kuka ba. Ta zauna tana kallo har abin ya zama garwashi, garwashin ya rufta. Sannan ta miƙe ba tare da ta dafa kowa ba, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Malam, ka gaida Maitama. Ka ce Juma'ar ta yi. Ka ce kuma kada su sa ranar da nisa."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

Ta nufi ɗakinta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta yafuto Amatullah. Yarinyar ta zo ta durƙusa.

"Tashi, amarya ba ta durƙuso a toka. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, don in kin ji sai ki gaya wa angona, shi kuma ya gaya wa baƙinsa." Ta faɗi haka ba da zafi ba. "A garinmu, wadda ta fara fitowa cikin tagwaye 'yar aike ce. Ta bayan ce ke tura ta, ta ce je ki dubo min wurin, in da kyau in taho. Haka muka zo duniya, ita a gaba, ni a baya. Da ta mutu, uwarmu ta sa aka sassaƙa wannan don ta zauna a gida ta yi wasa, kada ta je can ta ga wuri ta kira ni."

"Iya, don Allah ki daina!"

"Ni ban ce na yarda ba. Allah ke rayawa, shi ke kashewa. Uwarmu ce dai ta yarda." Ta dubi murhun. "Yau ta tafi dubawa."

"Iya!"

"A saman durowa akwai farin yadi cikin leda, wanda na jiƙo da zamzam. Sauko min da shi a shanya, ya sha iska. Ba na so a naɗe ni ina warin ajiya."

Amatullah ta kama ƙafafunta tana kuka, tana cewa ta tuba, tana cewa ta fasa auren, a kira Malam ya dawo. Iya ta zare ƙafarta a hankali, ta ɗaga labule. Sai ta waiwayo ta dubi hannun yarinyar, wanda hayaƙi ya yi wa baƙi har wuyan hannu.

"Ki wanke hannu kafin ki taɓa shi."